Takobi na da daraja, amma wa ya taya?

Kowace shekara, idan hatsi ya shiga rumbu sanyi ya kankama, akwai wasu kwanaki goma da ƙasar Nijar ke komawa ido ɗaya da kunne ɗaya. Daga Difa har Tilaberi, mai tebur ya jingina rediyonsa da kwalin sukari, tela ya rage taka keke, a ofisoshin gwamnati kuwa takardu su yi ta jiran sa hannu har sai an ga wanda ya kai ƙasa. Babu taron siyasa, babu wasan ƙwallo, babu wani biki da ke tara hankalin ƴan ƙasar nan wuri guda kamar kokowar gargajiya ta neman takobi. Duk ɗan kasuwar da ya san ciwon kansa, in ya ga jama'a sun taru haka, tambaya ɗaya ce ke fara zo masa: wannan taro nawa ne kuɗinsa, kuma aljihun wa suke shiga?

Tambayar ba ta rashin kunya ba ce, ko da yake akwai waɗanda za su ɗauke ta haka. A shekarar 1975 ne, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka buɗe gasar ta ƙasa a garin Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Manufar hukuma a lokacin a fili take: a haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a fili ɗaya, kowace shekara a wani gari, su san juna. Wannan manufa ta cika, kuma babu mai gardama a kai. A yau jahohi takwas ke turo ƴan kokowa goma-goma, tamanin ke nan, kuma filayen kokowa na manyan garuruwa suna ɗauke da sunayen mazajen jiya: Kantu a Maraɗi, Langa-Langa a Damagaram, Salma Ɗan Rani a Doso. Sai dai an haifi gasar a matsayin bikin gwamnati, aka yaye ta a haka, ga ta ta haura shekara arba'in da ɗoriya tana cin tuwon gidan uba.

Abin da ke riƙe da kokowa, bayan kuɗin baitulmali, shi ne kyauta. Duk wanda ya taɓa sauraron gasar ya san yadda abin yake. Ana gama karawa sai mai sanarwa ya shiga jero sunaye: Alhaji wane ya ba da jika hamsin, ɗan majalisa wane ya ba da buhun shinkafa, ƴan asalin gari kaza mazauna Kwatano sun aiko da babur. Abin gwanin daɗi, kuma al'ada ce mai asali, tun zamanin da sarki ke ɗora wa gwanin fage riga. Amma kyauta da farashi ba ɗaya ba ne, kuma duk gyaran da kokowa ke bukata yana cikin wannan bambanci. Farashi haƙƙi ne: an taya, an ce albarka, an ƙara, an sallama, kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Kyauta kuwa ganin dama ce. Mai ba da ita shi ke zaɓar ranar, shi ke zaɓar mutumin, kuma ba a kai shi ƙara in ya fasa. Shekarar zaɓe hannuwa su buɗe, shekarar da ta biyo baya su ƙulle. Ga wani abin lura kuma: Alhajin da ya ba da jika hamsin aka ambaci sunansa da na kantinsa a gidan rediyo da talabijin na ƙasa, a sa'ar da kowa ke saurare, talla ya saya, kuma ya same ta da araha ƙwarai. Shi ya san haka. Ɗan kokowar da ya durƙusa yana godiya ne bai sani ba.

Sakamakon wannan tsari kowa na ganinsa. Sarkin shekara ya tafi da takobi da doki da miliyoyin sefa, wani lokaci har da mota da fili. Na biyu da na uku su sami nasu rabo. Sauran mutum saba'in da wani abu, waɗanda in babu su babu gasar, su koma ƙauye da ɗan guzuri da ciwon gwiwa. Ba baƙon abu ba ne a ji tsohon ɗan kokowa da ya taɓa girgiza fili ana nema masa taimakon kuɗin magani. Sana'a ce mai gajeren rai, shekara goma ko sha biyar in an yi sa'a, kuma jarinta jiki ne, wanda ba a ajiye shi a banki.

Ka'idar farko ta kasuwa ba a lakwal ake koyon ta ba, kowane mai sarin albasa a Galmi ya haddace ta. Lokacin da aka cire albasa ta cika kasuwa, buhu ba ya da daraja. Wanda ya iya adana tasa har ta yi wuya, shi ke faɗin kuɗi. Abu kaɗan, masu so da yawa, farashi ya hau. To takobi ɗaya ne a shekara, babu na biyu, kuma babu wata ƙasa da za ta ƙera irinsa ta shigo da shi ta kan iyaka ta karya kasuwa. Kaya ne da Allah ya yi shi da wuya tun asali. Abin da ya rage shi ne kada masu shi su mai da shi banza da hannunsu.

Turawa sun koyi wannan darasi da tsada. A wasannin Olamfik na 1976 a birnin Montreal na Kanada, an buɗe ƙofa ga duk kamfanin da ya zo, har aka tara masu talla da masu kawo kaya fiye da 600. Kowa ya liƙa sunansa, sunan kowa ya ɓace cikin na ɗan'uwansa, kuɗin da aka samu bai taka kara ya karya ba, birnin kuwa bai gama biyan bashin gine-ginensa ba sai a 2006. Shekara takwas bayan Montreal, da aka zo Los Angeles ta Amurka a 1984, shugaban shirya wasannin, Peter Ueberroth, ya juya lissafin. Ya rage manyan masu talla zuwa talatin da ƴan kai, ya ce kamfani ɗaya tak a kowane irin kaya: mai lemo ɗaya, mai fim ɗin hoto ɗaya. Nan take kamfanoni suka shiga rige-rige, don kowa na tsoron kishiyarsa ta riga shi. Aka tashi daga wasannin da rarar kuɗi fiye da dalar Amurka miliyan 200. Ba wani sihiri ya yi ba, albasarsa ya hana fitowa kasuwa gaba ɗaya.

A filin kokowa na ƙasar nan akwai kamfanonin waya, akwai bankuna, akwai masu siminti da masu shinkafa da masu motocin safara, dukansu suna son idon mutanen da ke kallo. Idan aka bar kowa ya rataya ƙyallensa gwargwadon sanayyarsa da wani babba, an yi Montreal ke nan. Idan kuwa aka ce kamfanin waya ɗaya ne zai sa sunansa a gasar har shekara uku, a kawo tayi a rufe, a buɗe gaban jama'a, to ranar ce za a san ainihin kuɗin takobi. Ma'aikatan da ke kula da kwangilolin gwamnati sun san wannan hanya sarai, da ita ake sayen tebur da kujerun ofis. Abin mamaki ne a ce ana kiran tayi don sayen alli, amma a rasa yin haka don sayar da kaya mafi tsada da wasannin ƙasar suka mallaka.

Kayan da mai shirya wasa ke sayarwa iri uku ne: wurin zama, da hoto, da suna. Na suna shi ne wanda aka gama bayani. Wurin zama kuwa yana da wata ɗabi'a da ta raba shi da albasa: ba ya ajiyuwa. Kujerar da ta kwana babu kowa ranar Talata ba za a sayar da ita ranar Laraba ba, ta tafi ke nan, kamar tumatirin da ya kwana uku a rana. Saboda haka hankali ya nuna a sassauta kuɗin shiga a kwanakin farko da safiya, lokacin da fili ke da sarari, a tsaurara shi ranar ƙarshe da kowa ke son shiga. Haka kuma mai zama a rana da mai zama a inuwa ba su kamata su biya daidai ba. Talaka in aka ƙara masa dala ashirin sai ya koma gindin rediyo, attajiri kuwa ko an ninka masa sau biyar zai zo, don ba kokowa kaɗai ta kawo shi ba, har da a gan shi. Amma dubi yadda aka saba a tarukan ƙasar nan: inuwa da kujera mai laushi na masu katin gayyata ne, wato waɗanda suka fi kowa iya biya su ne ba sa biyan ko tamma, mai turin baro kuwa shi ke layi a ƙofa. Duk ɗan kasuwar da ya yi wa kantinsa irin wannan tsari, ba zai ga watan azumi biyu ba.

Hoto shi ne babbar rijiya. Fili komai girmansa yana da iyaka, talabijin da wayar hannu ba su da ita, kuma ƙarin mai kallo ɗaya ba ya ƙara wa mai watsawa ko dala ta kashewa. A 1992 manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila suka ware suka kafa gasar Firimiya, suka sayar da hoton wasanninsu a yarjejeniyar fam miliyan 304 ta shekara biyar, wadda kamfanin Sky ya ɗauki kaso mafi girma a cikinta. Daga nan kuɗin talabijin ya zama uwa, kuɗin ƙofa ya zama ɗa. Wannan ba kira ba ne a ɗauke takobi daga Tele Sahel a kulle shi a akwatin biya. Yin haka zai kashe dalilin da ya sa aka kafa gasar, kuma zai rage yawan idon da ake sayar wa masu talla, a yi asara biyu. Ingila ita kanta ta keɓe wasu wasanni, irin su gasar cin kofin duniya, da doka ta ce dole a nuna su inda kowa zai gani ba da biya ba. Amma tsakanin kullewa da watsarwa akwai fili mai faɗi. Ƴan Nijar da ke Lome da Abijan da Akara da Kano, da masu neman kuɗi a Libiya da Aljeriya, suna bin gasar ta waya, galibi ta shafukan Facebook da YouTube na mutanen da suka ɗauko hoton suka sake watsawa. Kuɗin tallar da ke biyo bayan wannan kallo ba ya bi ta hannun wanda aka kayar, balle wanda ya yi kaye.

Wanda ke son ganin ƙarshen irin wannan sakaci ya leƙa maƙwabta. Masu shirya finafinan Hausa a Kano sun yi shekaru suna zuba jari, kaset ko faifai ya fito yau, kafin mako ya zagayo an kwafe shi ana sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da rabin kuɗi. Masu kallo ba su taɓa ƙaranci ba, masu biyan mai kaya ne suka yi ƙaranci, har kasuwar faifai ta durƙushe, masu sana'ar suka koma tashoshin talabijin da YouTube suna neman abin da za su rufa asiri. Farin jini daban, ciniki daban. Wannan magana ta shafi makaɗan kokowa da ƴan cali-cali, waɗanda rabin armashin fili nasu ne, kuma kiɗansu ke yawo cikin wayoyi ba tare da an tambaye su ba, alhali ƙasar na da ofishin kare haƙƙin masu fasaha.

Sai dai akwai abu guda da kasuwar wasa ta bambanta da kowace kasuwa, kuma a nan ne ya kamata a fi tsayawa. Mai kanti yana murna in abokin gasarsa ya rufe. Ɗan kokowa kuwa in ya rasa abokin karawa, shi ma ya rasa abinci. Abin da mai kallo ke saye shi ne rashin sanin wanda zai faɗi. Waɗanda suka tsara dokar takobi sun gane haka ko da ba su karanta shi a littafi ba: wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman sarauta, don haka kowace yamma ƙasa gaba ɗaya na ƙidayar waɗanda suka rage a tsaye, daga tamanin har a dawo biyu. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Bajinta ce da babu irinta a tarihin gasar. Amma ta fuskar ciniki, ranar da ta fi kowace tsada ita ce ta Disamban 2024, lokacin da Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a karawar ƙarshe, a Doso, gaban mutanen garinsa. Ranar ce ta tabbatar wa mai kallo cewa ba a rubuta sakamako tun a gida ba.

Daga wannan abu biyu ke fitowa. Na ɗaya, kuɗin da aka samu daga suna da hoto bai kamata ya bi mai ƙarfi kaɗai ba. Ko a Ingila, inda ba a san su da sadaka ba, rabin kuɗin talabijin na cikin gida ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi, domin na ƙasa ya iya tsayawa gaban na sama. Jahar da ba ta da manyan attajirai tana bukatar abin ciyar da ƴan kokowarta lokacin horo kamar yadda Maraɗi ke bukata, in ba haka ba gasar jahohi takwas za ta koma ta uku. Na biyu ya fi nauyi. Duk shekarar da aka ji raɗe-raɗin cewa wani ya sayar da faɗuwarsa, ko wani mai kuɗi ya shiga tsakani don ɗan jaharsu ya wuce, to jarin kowa ne ake ƙonawa. Kuma mai sauƙin saye shi ne wanda bai san abin da zai koma gida da shi ba. Masu tsoron kada kuɗi su ɓata kokowa su duba nan da kyau: kuɗin da ke ɓata ta su ne na bayan fage, waɗanda ba su da rasit.

Duk da haka tsoronsu na da tushe, kuma Senegal ce shaida ta kowane ɓangare. A can, tun da aka kafa hukumar kula da kokowa a 1994, kuma Muhammad Ndao da ake kira Tyson ya fito a tsakiyar shekarun 1990 yana ɗaukar kansa ɗan kasuwa, sai masu shirya wasa masu zaman kansu da kamfanonin waya suka shigo da ƙarfi. Kuɗin karawa ɗaya na manyan ƴan kokowa ya kai ya wuce sefa miliyan 100. Karawar Yekini da Balla Gaye na biyu a filin Demba Diop na Dakar, a watan Afrilun 2012, ta tsayar da ƙasar cak. Amma kokowarsu mai haɗe da naushi ce, kuma kasuwar ta zo da nata ciwo: manya su yi shekara ba su shiga fili ba suna jiran a kai farashinsu, masu shirya wasa su afka bashi, magoya baya su yi ta jifa da faɗa a hanya har masu talla su ja baya, ƙananan ƴan kokowa dubbai kuwa su tashi a tutar babu. Abin ɗauka daga Dakar shi ne kwangila a rubuce da sanin darajar kai. Abin bari shi ne sakin gasar ƙasa a hannun dillalai. Takobi na jama'a ne, hukuma ce za ta ci gaba da riƙe shi. Haya za a bayar ta bango da hoto, ba a sayar da gidan ba.

Ma'aikacin gwamnati yana da nasa dalili na damuwa da wannan lissafi, ko da bai taɓa taka filin kokowa ba. Kowace jika da baitulmali ya kashe a wuri ɗaya, jika ce da bai kashe a wani wuri ba. Masana tattalin arziki na cewa ainihin tsadar abu ita ce abin da aka bari domin a same shi. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, ga kuma karyewar darajar sefa ta Janairun 1994, ba sa bukatar a fassara musu wannan. A ƙasar da har yanzu yara ke karatu a azuzuwan zana, gasar da za ta iya ɗaukar rabin nauyinta da kanta amma aka bar ta a wuyan mai biyan lanho, ba a yi wa kowa adalci ba. Ba a ce gwamnati ta janye ba, haɗin kan ƙasa abu ne da ya cancanci a kashe masa kuɗi. Amma a san nawa ne, a kuma san nawa ya shigo.

Garin da ya karɓi baƙuncin gasar yana cin moriya, wannan gaskiya ne: masu masauki, ƴan kabu-kabu, masu tsire da kilishi, mata masu tuwo da fura, kowa na samun kwana goma na albarka. Amma zagayen na jahohi takwas ne, sai bayan shekara takwas rabo ke dawowa, filin da aka gyara da kuɗi masu yawa kuwa yana nan yana cin fenti da gadi ko an yi wasa ko ba a yi ba. A nan ne ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa ke da abin yi wanda ya fi jefa kyauta. Karawa tsakanin jaha da jaha bayan kaka, ko gasar matasa a ranakun kasuwa, da tikiti da kwangila da alƙalan hukuma, ba za su rage wa takobi daraja ba muddin ba a kira wanda ya ci su sarki ba. Su ne ma za su riƙa ƙera sunayen da za a zo kallo a watan Disamba.

Abin da ake nema daga ofishin ministan wasanni da hukumar kokowa ta ƙasa bai fi ƙarfinsu ba, kuma ba ya bukatar sabuwar doka mai tsawo. A kira tayi a fili kan sunan gasar da hotonta na intanet, watanni kafin a buɗe. A yanke wani kaso sananne da za a raba wa dukan mutum tamanin, ko an kayar da mutum tun ranar farko, da wani kason da zai shiga asusun magani na waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka tsufa, a sa wakilan ƴan kokowa cikin masu sa hannu. Katin gayyata ya tsaya ga baƙin da dole ne a gayyata, sauran masu son inuwa su biya. Bayan an naɗa sarki da wata ɗaya, a buga lissafin shiga da fita a jarida, layi-layi, har da kuɗin ƙofa na kowace rana, yadda ɗan majalisa da mai tebur za su iya karantawa su yi tambaya.